Ranar da Fiyano Ya Zage Ni

Duk faɗin Tsafe, ka haɗa da Gusau, ka ƙara da Bungudu in kana so, ba a haifi mutumin da zan zauna da shi bai yi dariya ba. Ni ne Lawali mai tsire na bakin tasha. Na taɓa sa mai karɓar haraji dariya har ya manta abin da ya kawo shi, ya sayi tsire ya tafi yana yi mini godiya. Na taɓa sa wani tsoho mai ciwon haƙori dariya, haƙorin ya faɗo da kansa. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi, sai dai tsohon ya rasu.

Da wannan taƙamar na ɗauki Sahabi na ce zan kai shi Aljeriya mu nemi aiki, in dawo da shi yana ƙyaƙyatawa. Tun daga gida har Agadas ina zuba, bai ko motsa leɓe ba.

Sahabi taubashina ne, ɗan kawuna, mutumin 'Yankuzo. Tun muna yara babu gaisuwa tsakaninmu sai zagi. In ya hango ni yakan ce ga tulu ya yi ƙafa, ni kuma in ce wa ya jingine tsinken tsire a nan. Makaɗin kalangu ne na mahauta, kuma kalangunsa magana yake yi ƙarara, ya kira sunan mutum, ya yabe shi ko ya tsige shi, kowa a kasuwa yana ganewa. Sai 'yan bindiga suka tare motar da ya shiga ranar kasuwa. Ya yi damina guda a daji. Wani da aka sako su tare ne ya faɗa mana cewa da suka gane makaɗi ne, sai suka samo kalangu suka riƙa sa shi yi musu kiɗa in sun dawo daga ɓarna, wani lokacin ma ana dukan mutum a gabansa shi kuma yana kiɗa.

Da ya dawo bai zama bebe ba. Yana amsa sallama, yana salla, yana cewa to ko a'a. Amma ya sa an fitar da kalangun daga ɗakinsa, kuma ya gan ni da tumbina bai ce komai ba. Nan na san abin ya yi nisa. In ya ji ƙarar babur kuwa, sai jikinsa ya ɗauki ɓari. An yi rubutu, an kai shi asibiti a Gusau an ba shi ƙwayoyi, barci ya ɗan samu. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, ita ta kira ni ta ce, "Lawali, hidda shi ƙasag ga. Ko'ina babur, ko'ina babur. Kai shi inda kunne nai za ya huta."

Na ce, "Inna, kwantar da hankali. Can sai raƙuma." Ban taɓa zuwa ba, amma haka na rantse mata.

A Agadas muka faɗa hannun wani ɗan kamasho mai farar shadda, ana ce masa Alhaji Sauƙi. Ya ce akwai wani babban otal a Tamanraset da ke neman masu gashi, a ƙarƙashin fanka za mu riƙa juya nama. Ya dubi Sahabi ya ce, "Wannan fa, lafiya?" Na san in aka ce mutum ba shi da lafiya babu direban da zai ɗauke shi, sai na rage murya na ce malami ne, wuridi yake yi, ba ya magana sai ya kammala. Kafin la'asar rabin gidan da muka sauka sun kawo masa dabino suna neman addu'a. Ni na ci dabinon.

Daga nan a-kori-kura muka shiga, an loda mu kamar buhunan albasa, kowa da sanda tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo. Ba zan ba da labarin sahara ba, wanda ya shiga ya sani, wanda bai shiga ba zai ce ƙari nake yi, kuma a nan ne kaɗai ba na buƙatar ƙari. Da hantsi wata rana direba ya tsaya a inda babu ko ciyawa, ya ce mu sauka, iyaka tana bayan tudun can, shi ba ya wuce nan. Muka haura tudun muka ga wani tudun.

Muna cikin tafiya sai ga ƙara daga nesa. Babura ne, jere, na Buzaye masu tsallakar da mutane. Abokan tafiya suka yi murna suka ruga. Na waiga ban ga Sahabi a tsaye ba. Yana kwance rub da ciki, fuska cikin rairayi, ya haɗa hannuwansa biyu a baya kamar mai jiran igiya. Babu wanda ya ce ya yi haka. Jikinsa ne ya tuna.

Na roƙe shi, na ja shi, na yi masa labarin da ya taɓa sa liman dariya a tsakiyar ɗaurin aure. Ko gezau. Mutane suka hau suka tafi ɗaya bayan ɗaya, rana tana ta hawa, ruwanmu bai kai rabin jarka ba. Na tsaya ina kallon ƙurar baburan, ina lissafin yadda zan koma in dubi Inna Hajo, in ma na koma. Babur ɗaya ya rage, na wani dattijon Buzu mai shuɗin rawani. Ya daɗe yana kallon Sahabi. Sai ya kashe injin. Ya ɗora jakunkunanmu a kai, ya kama hannun babur ya fara turawa da ƙafa, ya yi mini alama mu biyo shi. Da shiru ya dawo, Sahabi ya tashi. Haka mutumin nan ya tura babur cikin rairayi har muka hango gine-gine. Ban san sunansa ba. Na yi masa godiya da duk Larabcin da na koya a makarantar allo, ya amsa mini da Hausa cewa in rage magana kada ƙishi ya kashe ni.

Tamanraset, da mutanenmu ke ce wa Taman, ta karɓe mu da gaskiya guda biyu. Ta farko, otal ɗin Alhaji Sauƙi ba a ko haƙa harsashinsa ba, lambar wayarsa kuma ta mutu. Ta biyu, garin da na rantse wa Inna Hajo cewa sai raƙuma, babur ya fi ƙuda yawa.

Allah ya haɗa mu da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, mai rumfar gashi. Abin da ya ba ni mamaki, Larabawan garin ma mainama suke ce wa gasasshen nama, kalmarmu ta riga mu zuwa ta kama wuri. Ya ɗauke ni gashi, Sahabi yanka albasa. Muka samu ɗaki a bayan rumfa. Abincinsu burodi ne dogo mai tauri, wanda in ka rasa makami za ka iya kare kanka da shi. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na farka ina lasar matashi.

Ranar farko Alhaji Isuhu ya zaunar da mu ya ce, "Ku ji da kyau. Nan ana kame. In anka kama baƙo marar takarda, a loda shi mota a kai shi bakin iyaka a zube cikin rairayi, ya taka da ƙafa. Mai lafiya ma da ƙyar. Dokar zama ɗaya ta: kada a san da kai."

Na dubi Sahabi. Mutumin da ƙarar babur ke kwantarwa, in aka zube shi a wancan wurin babu Buzu mai shuɗin rawani, can zai tsaya.

Mun ɗan jima lafiya. In babur ɗaya-ɗaya ne Sahabi yakan daure, ya runtse ido har ya wuce. Sai wata ranar Talata bayan azahar wasu samari suka zo sayen nama a kan babura da yawa, suka tsaya gaban rumfa a lokaci guda suna murza inji. Sahabi ya zabura ya fita da gudu, wuƙar albasa a hannunsa, ya faɗa tsakiyar titi. Baƙin mutum, ba takarda, da wuƙa, a titin Larabawa. Mata suka watse, mota ta taka birki. Na bi shi da mahuci a hannu ina ihu, ban san da wane yare ba. Na cim masa a bakin wani shago ya durƙusa yana haki, na zare wuƙar na soke ta cikin rigata, na riƙa yi wa jama'a dariya ina nuna kamar wasa muke yi. A duk rayuwata ban taɓa yin dariyar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Alhaji Isuhu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lawali, ina da iyali, ina da yara masu aiki. Kai kana iya zama. Shi bayan Juma'a ya nemi wuri."

"Alhaji, in ya tahi na tahi."

"To, ku biyu ke nan."

Akwai wani tsoho da ke zaune a kan benci yana jiran namansa, ya ga komai. Ammi Rabah ake ce masa, Balaraben arewacin ƙasar, malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya zauna a Taman. Ya tsinci Hausa a kasuwa, amma duk duniya mace ce a bakinsa. Ya karɓi ƙunshinsa ya ce, "Ke Lawali, gobe ki kawo nama gida. Ki zo da 'yar'uwarki."

Gidansa yana wani lungu mai shiru. A falo muka tarar da wani abu na katako, baƙi, ya cika kusurwa kamar bijimi a kwance. Ya ɗaga murfin sai ga haƙora farare da baƙaƙe. Fiyano ne, amma uban waɗanda na sani. Lokacin da nake koyon gashi a Gusau, maƙwabcinmu Mista Sande mai kanti yana da ƙarami na cocinsu, na taɓa ɗaukar masa shi a ka zuwa wajen biki. A kan wannan hujjar na shaida wa Ammi Rabah cewa a ƙasarmu ni gwani ne. Ya ce bismilla. Na zauna na zuba masa yatsu goma. Kyanwar gidan ta fita ta taga, kuma an ce sai bayan kwana biyu ta dawo.

Tsohon ya ce, "Madalla. Ki huta."

Ya zauna ya fara nasa, a hankali, kamar mai taka matakala da ƙwaryar nono a ka. Sahabi yana tsugune bakin ƙofa, bayansa jikin bango, inda yake zama ko'ina muka je. Ammi Rabah bai dube shi ba. Yana kiɗan yana yi mini magana. Ya ce lokacin da ƙasarsu ta yi nata tashin hankalin, an tare ɗansa a hanya, har yau ba a ga ko takalminsa ba. Ya ce ya yi shekaru in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya shiga ƙarƙashin gado, shi da gemunsa. Likita ya ba shi magani, ya kuma ce ya nema wa hannunsa aiki.

"Kaina tana gudu ta koma ranar," in ji shi. "In na ba yatsu aiki, kai ta tsaya tana duba su. Ba ta warke ba. Amma tana tsayawa."

Na saci kallon Sahabi. Idonsa yana ƙasa, amma yatsan hannunsa na dama yana taɓa gwiwa, daidai da tafiyar kiɗan. Na buɗe baki zan yi magana, tsohon ya girgiza mini kai.

Ammi Rabah ne ya je ya samu Alhaji Isuhu. Ban san me ya faɗa masa ba, amma Juma'a ta wuce ba a kore mu ba. Aka mayar da Sahabi bayan rumfa wajen wanke-wanke, nesa da wuƙa da titi, da sharaɗin in ya sake ko sau ɗaya shi ke nan. Kullum bayan la'asar mu kai nama gidan tsohon, ya yi kiɗa, ni in sha shayi. Bai taɓa ce wa Sahabi zo ka gwada ba. Murfin kawai yake bari a buɗe in ya tashi. Sahabi ya matso daga bakin ƙofa zuwa tabarma, daga tabarma zuwa gefen kujera. Nan ya tsaya. Na ƙosa, na ce a kama hannunsa a ɗora. Ammi Rabah ya ce, "An riga an sa ta kiɗa dole. Ke ma za ki sa ta?"

Ranar kamen muna gidan. Mun idar da la'asar ke nan, tsohon yana haɗa shayi, sai muka ji motoci sun shigo unguwar, manya, da babura a gaba da baya. Aka fara bugun ƙofofi daga bakin lungu. Muka ji gudu, muka ji wani yana kiran sunan ɗan'uwansa da Hausa. Ammi Rabah ya sa sakata ya ce kowa ya zauna.

Sahabi ya miƙe. Idonsa a buɗe amma ba mu yake gani ba. Ya nufi ƙofa. Na tare shi, ya ture ni kamar labule, mutumin da nake ce wa tsinke. Hannunsa ya kai kan sakata. Bayan wannan ƙofar akwai mota mai jira, bayan motar akwai rairayin nan. Tsohon ya ce kada in kama shi, in na kama shi zai yi ihu, ihun kuma shi zai kira su.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ga ƙarar babur ce ke jan sa, na ce bari in danne ta da wadda ta fi ta. Na faɗa kan kujerar fiyano na shiga duka, da yatsu, da tafin hannu, har da gwiwar hannu. Abin da ya fito, in aka tara jakunan Bungudu duka aka taka musu wutsiya a lokaci guda, to ya kusa.

Sahabi ya tsaya. Ya juyo. A fuskarsa na ga abin da ban gani ba tun kafin a ɗauke shi: haushi. Ya tako ya sa kafaɗa ya ture ni daga kujerar, na zube ƙasa. Ya zauna. Ya taɓa haƙori ɗaya, ya saurara. Ya taɓa wani. Ya lalubo guda uku, mai kauri da siriri da na tsakiya, ya fara buga su da yatsu biyu, ba irin kiɗan tsohon ba. Da farko ban gane ba. Da ya maimaita sai gashin jikina ya tashi, don na ji Hausa tana fitowa daga cikin katakon nan, sak yadda kalangu ke faɗa: Lawali ƙaton banza, hannun tsire, tashi ka ba masu shi.

Sai aka buga ƙofarmu.

Hannun Sahabi ya daskare a sama. Ammi Rabah ya gyara hularsa ya nufi zaure, ya ja ƙofar falo a bayansa. Na ji an zare sakata, na ji muryoyi da Larabci, na ji babur yana ruri a bakin gida. Ƙafar Sahabi ta fara neman ƙasa zai miƙe. Ina zaune a inda na faɗi, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Iyakat ta ke nan, tsinke? Makaɗin da yunwa tac cinye. Ko akuyar Inna ta hi ka iya zagi."

Ya ja numfashi. Yatsun suka sauka. Ya zage ni, ya zagi tumbina, ya zagi tsiren da nake sayarwa ya ce rabinsa kitse ne rabinsa ƙarya. Duk lokacin da ya lafa sai in ƙara masa wata, shi kuma ya rama da haƙoran nan uku. Hawaye na zuba a fuskata ina cewa ƙarya kake. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji an mayar da sakata, ƙarar babur ta yi nisa, tsohon ya shigo ya zauna a tabarma. Har muka bar ƙasar bai faɗa mana abin da ya ce musu ba.

Da ya huta ya tambaye ni wace waƙa ce wannan. Na ce kirarin gidanmu ne, na yabo, ana yi wa manyan mutane. Ya sa Sahabi ya koya masa. Daga ranar, duk sanda na yi sallama da ƙunshin nama, sai dattijon nan ya tashi cikin girmamawa ya buga mini Lawali ƙaton banza.

An kwashe biyu daga cikin ma'aikatan Alhaji Isuhu a wannan kamen, ɗaya ne kawai muka ji labarin ya isa gida. Mu muka ci gaba da aiki. Ammi Rabah ya kai Sahabi wajen wata likita da ke zama da shi suna magana, ya kuma koya masa kiɗa da hannu biyu. Da muka tara abin da muka tara, muka dawo ta hannun masu mayar da baƙi gida, don na rantse ba zan sake taka wancan rairayin ba.

Ba zan ce Sahabi ya warke sarai ba. Kalangunsa yana nan rataye a ɗakin Inna Hajo, bai taɓa shi ba. In babura suka taho da yawa yakan yi shiru, yatsunsa su shiga aiki a kan gwiwa har su wuce. Ya koma Gusau da zama, yana zuwa asibiti, ya sayi ƙaramin fiyano mai batir, har Mista Sande na aiko masa yara su koya.

Kwanan baya ya zo Tsafe ya zauna a bencin rumfata. Jama'a sun taru, ina ba su labarin nan, na kai inda na hau fiyano. Na ce su shaida, likitocin Gusau sun yi nasu, malamai sun yi nasu, Balarabe ya yi nasa, amma kiɗana ne ya dawo da mutumin nan daga bakin ƙofa. Na ce in ƙarya nake ga shi nan zaune.

Sahabi ya gama tauna tsirena da bai biya ba, ya goge hannu a gefen rigata.

"Gaskiya yaf faɗi," in ji shi. "Na yi damina guda hannun 'yan bindiga ina haƙuri. Kiɗa nai na ban iya daurewa ba."